Musayar waƙa: samarin ƙasan teku a Yaƙin Hitila

Ɗan Gwale: Assalamu alaikum 'yan uwa. yau na zo da maudu'i mai nauyi, samarin Jamus da suka yi yaƙi a cikin jiragen ƙarƙashin teku, wajen mutum 40,000 suka shiga jiragen nan kuma kusan 30,000 ba su koma gida ba. amsa-amo "wa" ne, mai baiti ya kawo.

Da sunan Allah na buɗe baiti,
Kan samarin da ke ƙasan ruwa.

Mutum hamsin a cikin bututu,
Ba su ganin rana, ba sa ganin kowa.

Gado guda mutum biyu ke rabo,
Wani na sauka wani na hawa.

Burodi duk ya yi fumfuna,
Wanka kuwa sai ranar dawowa.

Sai ga jirgin Ingila a bisa,
Na'urar nema tana ta kuwwa.

Ƙara ta doki ƙarfe ta koma,
Ta ce ga su nan, ku hau jefawa.

Ganga cike da nakiya ta sauko,
Kowa na ƙirge, jiran fashewa.

Gwaggon Zariya: Allah ya ƙara basira ɗana, wlh baitin gangar nan sai da tsikar jikina ta tashi. 'ya'yan wasu ne fa, Allah sarki iyayensu mata

Ɗan Zango:
Yaya Ɗan Gwale goge idonka,
Ga maharbi kake ta tausayawa.

Wanda ya laɓe yana makyarkyata,
Daren jiya shi ya yi ta harbawa.

Jirgin alkama da jirgin mai,
Ya bar matuƙa cikin wuta da ruwa.

Kakanninmu da za su Bama,
Ta tekun nan suka bi cikin damuwa.

ma'aikatan jiragen kasuwanci na Birtaniya sama da 30,000 suka mutu a yaƙin nan kuma su ba sojoji ba ne. a 1941 jirgi ɗaya tak, U-107, ya nutsar da jirage 14 a fita guda, da yawansu a gaɓar Saliyo, nan kusa da mu. su wa zai yi musu waƙa yaya?

Ɗan Gwale:
Ƙanina ka karanta rabin shafi,
Ka fito fili kana ta tsawa.

Nemi labarin jirgin Laconia,
Kafin ka kira mutane namun dawa.

Hartenstein ya harba, ya ga jama'a,
Ya taso sarari yana tsamowa.

Ya baza tutar agaji a bisa,
Jirgin Amurka ya zo da bam yana zubawa.

Satumba 1942 aka yi wannan, Hartenstein shi ne kwamandan jirgin Jamus U-156 da ya nutsar da Laconia, jirgin fasinjan Birtaniya, har sanarwa ya yi a rediyo da Turanci cewa duk mai zuwa ceto ba zai taɓa shi ba. bayan harin jirgin saman Amurkan ne Donitz, shugaban rundunar jiragen ƙarƙashin tekun Jamus, ya ba da odar kar wani kwamanda ya sake tsayawa ceton kowa.

Ɗan Zango:
To wa ya huda jirgin tun farko?
Yaya ka tsallake nan wajen faɗawa.

Ya tura ka rijiya ya kawo guga,
Sai ka hau godiya kana yabawa?

Sama da dubu da ɗari shida,
Sun tafi, tuta ba ta tashin gawa.

Gwaggon Zariya: kai Ɗan Zango ka rage zafi, yayanka ne. ni dai har gobe ina bayan Ɗan Gwale

Na Kumasi: Gwaggo a yi adalci mana, tun ɗazu Kano kawai kike yaba wa. Ɗan Zango ɗora, Zango duk muna bayanka, baitin guga ya gama magana

Malam Mai Aruli: ku yi haƙuri zan katse ku. Ɗan Gwale baitinka na biyu ya karye. "Kan samarin da ke ƙasan ruwa" gaɓa 10 ne, "Ba su ganin rana, ba sa ganin kowa" gaɓa 12, ga ɗangon bam ɗin Amurka shi kuma ya fi kowanne tsawo. a wane kari kake tafiya, Mutadarik ko Rajaz? shi ma Ɗan Zango "Ta tekun nan suka bi cikin damuwa" ƙafarsa na ja.

Ɗan Gwale: Allah ya gafarta Malam, rera shi ka ji, a baki yana zama daram.

Malam Mai Aruli: na rera sau biyu, sai an haɗiye gaɓa yake zama. rubutacciyar waƙa awo gare ta, haka muka gada tun daga malaman jihadi.

Gwaggon Zariya: Malam makaɗan fada da suka yi shekara da shekaru suna waƙa wa ya taɓa ƙirga musu gaɓa? ana maganar rayukan mutane kai kana lissafi

Malam Mai Aruli: Hajiya makaɗi kalangu ke riƙe masa kari, mai alƙalami ba shi da kowa sai awo. kuma don ina girmama matattun nan ne nake so a yi musu waƙa tsayayya.

Na Kumasi: Malam to kawo naka mu gani

Injiniya 'Yar Gusau: afuwan sai yanzu na samu caji, na tarar an yi nisa. ku duka kuna sama kuna gardama, ni bari in sauka ƙasa inda abin yake.

An kashe fanka an kashe famfo,
Safa a ƙafa, ba mai takawa.

Wanda ba aiki a ce ya kwanta,
Don numfashi ma ana tsimewa.

Fitila ta mutu gilashi ya tarwatse,
Bututu ya tsage yana fesowa.

In ruwan gishiri ya iske batir,
Iskar guba ce take tasowa.

A ƙasa a shaƙe, a sama igwa,
Kwamanda zaɓi wacce za ka ɗaukowa.

Kai na sara, ashana ba ta kamawa,
Batir na ƙarewa, sama suna jiran fitowa.

na san na ƙarshen ya yi tsawo Malam, haka na so shi. kuma ba Jamus kaɗai ba, Amurka ta rasa jiragen ƙarƙashin teku 52 da mutum kusan 3,500. ku duba ɗaya daga cikinsu mai suna Tang, Oktoba 1944 kusa da Taiwan, tofidonsa (makami mai gudu a cikin ruwa) na ƙarshe da ya harba ya yi kwana ya dawo ya same shi, cikin mutum 87 tara suka rayu, wasunsu daga zurfin kusan mita 55 suka taso da jakar numfashi a ƙirji, suna fitowa Japanawa suka kama su.

Gwaggon Zariya: innalillahi. 'yata Allah ya yi miki albarka, kin fi mazan nan duka

Ɗan Gwale: Gwaggo har kin sauya sheƙa? to ga wannan ga ƙanina.

Watan Mayu na arba'in da uku,
Jirgi arba'in da ɗaya ba dawowa.

Har ɗan Donitz na cikin mamata,
Teku bai san ɗan babba ba wajen cinyewa.

Yaro ɗan ashirin aka ba umarni,
Ka tuhumi mai aike kafin mai zuwa.

Ɗan Zango:
Nan kam yaya mun haɗu a hanya,
Mai aiken ne ya fi cancantar tsinewa.

Ya janye jirage a watan Mayu,
Satumba ya mai da 'ya'yan wasu ruwa.

Amma mai zuwa shi ya danna,
Hannunsa ma ba ya wankuwa.

Malam Mai Aruli: "Teku bai san ɗan babba ba wajen cinyewa" gaɓa 13. Ɗan Gwale ka cire "wajen" ka sake gini.

Na Kumasi: Malam har yanzu muna jiran baitinka fa

Malam Mai Aruli: bayan isha'i in sha Allah, a Mutadarik, kuma a kan matuƙan jiragen alkama zan yi. Ɗan Zango ka shirya, kai ma akwai gyara biyu a naka.