Thermostat: wane suna za mu raɗa masa da Hausa?

Jama'a, musamman iyayen gidanmu na gareji da malaman Hausa, ku taya ni neman suna ga wani ɗan ƙarfe da bai cika tafin hannu ba, wanda Bature ke kira thermostat. A bakin makanikanmu ya zama tamostat. Da Faransanci kuwa, wanda sunayen kayan mota a Nijar suka biyo, calorstat ne. Babu ɗaya a ciki da ke gaya wa mai mota aikin abin. Shi ya sa idan aka ce masa "Alhaji, mun cire shi, ai na ƙasar sanyi ne", sai ya yi godiya, ya biya kuɗin aiki, ya tafi.

Kafin suna, mu san aiki. Yana zaune ne a inda ɗaya daga cikin manyan tiyon lagireto ya haɗu da inji. A cikinsa akwai ɗan kaki da aka rufe a kwanso, da sifirin, da ƙofa. Idan inji na da sanyi ƙofar a rufe take, ruwa na zagayawa cikin inji kawai don ya yi saurin ɗumi. Da zarar zafi ya kai adadin da aka buga a jikinsa, digiri 82 a yawancin tsofaffin Toyota, 87 a wasu motocin Turai irin su Golf, sai kakin ya narke ya kumbura ya tura ƙofar, ruwa ya wuce lagireto ya huce. Zafi ya sauka, sifirin ya mayar da ita. Haka yake yi duk tsawon tafiya, buɗe kaɗan, rufe kaɗan, don inji ya tsaya a kusa da digiri 90, inda aka ƙera shi ya yi aiki.

"Ma'aunin zafi" bai yi ba. Wannan sunan allurar da ke gaban direba ne, ita nunawa kawai take yi. "Mai daidaita zafi" gaskiya ne, amma ya yi tsawo, babu yaron garejin da za a aika shagon kayan gyara da wannan jimlar.

Wanda ya fi jan hankalina da farko shi ne "madatsar ruwa", tunda yana tare ruwa yana saki. Amma na ƙi shi, don zai ƙara wa kuskuren da ake ciki ƙarfi. Dama abin da ake cewa ke nan: yana datse ruwa, yana sa mota zafi, a fitar da shi. Suna irin wannan sai ya zama hujja a hannun mai cirewa.

Ni dai zaɓina "linzamin zafi". Linzami ja da saki ne, kuma da shi ake tafiyar da doki daidai yadda ake so. Hausa ta riga ta kai kalmar fagen fasaha, tunda muna cewa makami mai linzami. Kuma ku ji yadda take faɗuwa a kunne: "An cire wa injinka linzami." Duk mai mota da ya ji haka zai tsaya ya tambayi dalili. Na san wani zai ce linzamin mota ai sitiyari ne. Sitiyari ya riga ya zauna da sunansa, kuma kalmar "zafi" ta raba gardama.

Abin da ya sa na damu shi ne ɓarnar da ke biyo baya. Motocin Kwatano da yawa, daga isowarsu ake cire musu shi, a haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyi. Injin da ba shi da linzami yana daɗewa bai yi ɗumi ba, balle da asuba lokacin hunturu a Jos ko Zariya. A motar da ke da ƙwaƙwalwa, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, muddin ta ji ruwa da sanyi, ƙara fetur take yi. Mai ya tafi a banza, fulogi ya yi baƙi, fetur ɗin da bai ƙone ba ya wanke jikin silinda ya sauka cikin baƙin mai ya tsinke shi. Ringi na cinyewa a hankali, mai mota bai san daga ina ba.

Kuma gane lafiyarsa ba wuya. Idan ya maƙale a rufe, allura za ta hau da sauri alhali ɗaya daga cikin manyan tiyon na nan da sanyi. Idan ya maƙale a buɗe, allurar ba za ta kai tsakiya ba ko da an yi nisa, ko ta sauka a kan babban titi. Wanda ke so ya tabbatar, ya ciro shi ya jefa a tukunyar ruwa a kan wuta: mai lafiya zai buɗe kafin ruwa ya tafasa, ya rufe idan ya huce. Wanda ya mutu, sabo ake sa masa mai lamba iri ɗaya.

Motar da ke zafi alhali linzaminta lafiya, a nemi ciwon a wani wuri: lagireto da ruwan rijiya ya toshe da tsatsa, murfin da robarsa ta mutu ba ya riƙe matsi, fankar da ba ta tashi, famfon ruwa da ya cinye, ko gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, da ya ƙone. Don Allah kada a buɗe murfin lagireto inji na da zafi.

Oga-oga na gareji, ku ne za ku furta shi kullum, hukuncin na hannunku. In "linzamin zafi" ya yi muku nauyi a baki, ku kawo wanda ya fi. 'Yan uwa na Maraɗi da Damagaram kuma, ku faɗa mana yadda kuke kiransa a can.