Abin da na tsinta a hirar masu zane

Jiya da yamma a wani shagon buga takardu nan Ringim aka yi ta muhawara kan tambarin wata islamiyya da ya fito dishi-dishi a fostar walimar sauka, abin ya dame ni wallahi, bari in taƙaita muku abin da masu sana'ar suka ce.

Hoton JPG ko PNG ƙananan ɗigo ne aka jera, fiksel, to in ka ja shi ya kai faɗin bango sai ɗigon su bayyana, gefen harafi ya koma kamar haƙoran zarto. Shi kuwa ɗaya nau'in hoton da ake kira bekta, lissafin layi da lanƙwasa kwamfuta ke ajiyewa, ko a katin gayyata ko a jikin mota tsaf yake fitowa, kuma galibi fayil ɗin ba nauyi, mu da data ke mana wuya a ƙauye wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Suka ce tambari da rubutu a zana su a manhajar zanen bekta irin su CorelDRAW ko Illustrator, wanda ba shi da hali ya sauke Inkscape kyauta ne, ya ajiye a SVG, wato fayil ɗin bekta. Hoton ango da amarya kam dole fiksel ne, sai dai a turo shi ta WhatsApp a matsayin dokumen don kar a matse shi.