Bankin ne ya biya darasin yamma, ko harajinmu ne?

Maman Hanif: Assalamu alaikum jama'armu ta Filadelfiya a Amurka. Makarantar su Hanif ta aiko da takarda, wai daga wata mai zuwa za a riƙa tsare yara bayan tashi, daga ƙarfe 3 zuwa 6. Za a taya su aikin gida, a koya musu kwamfuta, har da ɗan abin taɓawa. Ko sisi ba za mu biya ba, wani banki ne ya ɗauki nauyi. Ni dai na ce Allah ya saka musu. Abin da gwamnati ta kasa, ga kamfani ya yi da aljihunsa.

Alhaji Mai Shago: Wa alaikumus salam. Ma sha Allah. Kullum ina faɗa, a sakar wa ɗan kasuwa mara ku ga aiki.

Malam Akawu: Hajiya ina taya ki murna, amma duba ƙasan takardar. In kin ga haruffan EITC, to ba aljihun banki ba ne. Tsarin rangwamen haraji ne na jiharmu ta Pensilvaniya tun 2001, zamanin Gwamna Tom Ridge. Kamfani ya ba wata ƙungiyar da jiha ta amince da ita gudummawa, sai a zabge masa kashi 75 cikin 100 na kuɗin daga harajin da jiha ke bin sa. In ya yi alkawarin bayarwa shekara biyu a jere, kashi 90. Wato banki ya ba da dala 100,000, jiha ta yafe masa 90,000. Nasa na gaskiya 10,000 ne, amma sunansa ne a jikin allo da rigunan yara. Kanwar baƙi aka ɗauka aka ba awakin baƙi.

Maman Hanif: Na duba, haruffan na nan. To amma Malam, ai ko dubu goman ce ya bayar. Wa ya tilasta masa?

Malam Akawu: Babu. A gode masa a kan dubu goma, kada a gode masa a kan dubu ɗari.

Alhaji Mai Shago: Akawu, a nan ne ba mu jitu ba. Kuɗin da bai shiga baitulmali ba, ta yaya ya zama na gwamnati? Guminsa ne, cinikinsa ne. In muka bi maganarka, duk abin da ya rage a aljihuna bayan haraji ma kyauta ce gwamnati ta yi mini ke nan.

Ɗan Autan Zaure: Baba Alhaji, wallahi maganarku sak da abin da Kotun Ƙolin Amurka ta ce a 2011, a wata shari'a daga Arizona. Alƙalai biyar suka ce rangwamen haraji ba kashe kuɗin gwamnati ba ne, don haka mai biyan haraji ba shi da hurumin kai ƙara a kai. Huɗu suka ƙi. Mai shari'a Elena Kagan ce ta rubuta ra'ayin waɗanda suka ƙi, ta ce ko gwamnati ta miƙa kuɗi ko ta yafe haraji, giɓin da ke asusu ɗaya ne.

Alhaji Mai Shago: To ka gani, biyar sun fi huɗu.

Malam Akawu: Ranka ya daɗe, in ba kuɗin jiha ba ne, me ya sa majalisa ke yanka masa iyaka a kasafin kowace shekara? Da dala miliyan 30 aka fara. Yanzu in ka haɗa shi da ƙaninsa OSTC, wani rangwamen haraji irinsa da aka ƙirƙiro a 2012, sun haura miliyan 500. Mai lissafin kasafi ya san kuɗi ne da ya kamata su shigo ba su shigo ba. A 2019 ma majalisa ta so ƙara miliyan 100, Gwamna Tom Wolf ya hau kujerar naƙi.

Malamar Firamare: Ku bari in sa baki, tunda ni a cikin aji nake wuni. Ni ba ruwana da sunan wa ke jikin riga. Abin da ke ci mini rai shi ne wa ke zaɓa. Haraji in ya shiga asusu, akwai ƙa'idar rabo, ana duba yawan ɗalibai, talauci, yaran da Turanci ba harshensu ba ne irin namu. In ba a yi daidai ba, ka san ɗan majalisar da za ka kama. A wannan tsarin kuwa manajan kamfani ne ke zama ya ce ga inda zan ba. Ina zai ba? Inda yake da reshe, inda yake neman kwastomomi, ƙungiyar da wani abokinsa ke cikin kwamitinta. Jihar nan tana da gundumomin makarantu 500. Garin da masana'antu suka mutu aka bar shi da kantin sayar da fetur, wane kamfani ne zai tuna da shi? Kuma su ne suka fi kowa buƙata. Kada ku manta a Fabrairun 2023 kotun jiha ta yanke cewa yadda ake ba makarantun gwamnati kuɗi ya saɓa wa tsarin mulkin jihar, saboda an jingina shi a kan harajin gidaje, unguwar masu hali ta wadata, ta talakawa ta ƙare. A kan wannan raunin aka zo aka ɗora wani rabon da shi ma sa'a ce ke yanke shi.

Maman Hanif: Yaya Malama, duk na ji. Amma ni ƙarfe 7 na yamma nake tashi daga aiki, babansu kuma yana kan hanya da mota. Daga 3 zuwa lokacin da zan dawo yaron nan ko dai yana gaban waya, ko yana bakin titi da yaran da ban san iyayensu ba. In jira majalisa ta gyara rabo, ya gama sakandare. Da babu gara ba daɗi.

Malamar Firamare: Ki kai shi, ƙanwata, ranar farko ma. Ban ce ki ƙi ba. Sai dai ki tambaye su shekara nawa bankin ya yi alkawari. Na taɓa ganin irin wannan a inda na koyar a da, shiri ya yi kyau, yara suka saba, aka sayar da kamfanin ga wani, sabbin masu shi suka karkata wani wajen. Wasiƙa ɗaya aka aiko iyaye, shi ke nan.

Direba: Ni tambayata, duk miliyoyin nan darasin yamma ake yi da su?

Malam Akawu: Ina! Nan ma mutane ke ruɗewa. Kaso uku ne: tallafin kuɗin makaranta ga yaran da ke makarantu masu zaman kansu, tallafin 'yan nazare, sai ƙungiyoyin da ke kawo ƙarin shirye-shirye a makarantun gwamnati. Darasin yamman su Hanif a na ukun yake, kuma shi ne ke samun kaso kaɗan. Mafi yawa, nesa ba kusa ba, makarantun kuɗi yake tafiya, akasarinsu na addini. Kuma iyali mai samun sama da dala 100,000 a shekara ma na iya cancanta.

Alhaji Mai Shago: Yauwa, gara da ka faɗa da bakinka. Makarantun addinin nan har da na Musulunci, ko? Jikokina biyu da wannan tallafin suke karatu. Da haraji ya shiga asusu, ka taɓa jin an ɗebo an ba Islamiyya?

Malam Akawu: Har da su, Alhaji, kuma na san iyalai da yawa a cikinmu da ba don shi ba da ba su iya ba. Shi ya sa ma aka bi ta wannan hanyar, domin tsarin mulkin jihar ya hana a ɗauki kuɗin makarantun gwamnati a ba makarantar addini. Amma amfanin da muka ci bai canza lissafin ba.

Direba: Wannan ai kamar na gida ne. A 2019 Buhari ya sa hannu kan umarnin da ya ba kamfanoni damar gina hanya a cire musu daga haraji. Dangote ya yi ta Obajana zuwa Kabba, MTN ta ɗauki ta Inugu zuwa Onica. Mutane na ta sa albarka kamar kyauta ce.

Ɗan Autan Zaure: Kuma Yaya ka duba ina Obajana take, bakin masana'antar simintin Dangote. Maganar Malama ce dai.

Alhaji Mai Shago: An yi hanyar ko ba a yi ba? Motoci na bi ko ba sa bi? Da aka bar wa ma'aikatar ayyuka shekara nawa tana nan? Ku kun yarda da gwamnati fiye da ni, shi ne kawai.

Malamar Firamare: Baba, ba yarda ba ce, bin sawu ne. Ni duk shekara sai an gwada yaran ajina, a buga sakamakon makarantarmu kowa ya gani. Wannan tsarin na EITC fa? A 2022 ofishin jiha mai zaman kansa da ke bitar kasafi ya duba shi, ya ce bayanan da ake tattarawa ba su isa a gane ko yana amfanar yara ba, domin dokar kanta ta taƙaita abin da hukuma za ta iya tambaya. Kuma ba ma'aikatar ilimi ke riƙe da shi ba, ta raya tattalin arziki ce. Mu a auna mu da ma'auni, su a ce a yarda da su kawai?

Alhaji Mai Shago: Wannan kam a gyara. Duk wanda ya karɓi kuɗi ya kawo lissafi, ko a shagona haka nake yi. Amma a gyara, ba a rushe ba.

Direba: To tunda kuɗinmu ne in ji Akawu, me zai hana mu ma mu zaɓa? Muna da masu shaguna, masu motocin haya, masu wurin aski. A haɗu a tura wa shirin da yaranmu ke ciki mana.

Malam Akawu: Ana iyawa. Ƙananan 'yan kasuwa ma na shiga, har akwai hanyar da mutane ke haɗuwa ƙarƙashin kamfani ɗaya a raba musu rangwamen. Ana buɗe wa sabbin masu nema ranar 1 ga Yuli, wanda ya riga shi ya samu, kuma yakan ƙare da wuri. In an amince maka, kwana 60 gare ka ka biya. Amma rangwamen ba ya wuce harajin da jiha ke bin ka. Mai biyan dala 800 a shekara ba abin da zai motsa. Babban kamfani kuwa har 750,000 yake iya juyawa. Sai ka ga wa ke da murya a rabon.

Alhaji Mai Shago: Murya ko ba murya, ka zo shago ranar Asabar bayan la'asar da takardun, mu ga nawa nawa zai kai.

Malam Akawu: In sha Allahu zan zo, Alhaji. Amma in an buga riguna, sunan jihar za a sa a gaba, naka a hannun riga.

Alhaji Mai Shago: Ka dai zo da takardun.