Neman shawara: sojojina na ta mutuwa a XCOM 2

Salam ƴan'uwa, don Allah waɗanda suka san XCOM 2 ku taimaka min. Gem ɗin ya shiga raina sosai, irin wanda kai za ka gama motsa sojojinka sannan abokan gaba su yi nasu, ba saurin hannu ba ne, lissafi ne zalla. Amma sojojina mutuwa suke ta yi kuma wanda ya mutu ya tafi kenan, jiya na rasa maharbiyata mai bindigar nesa da na daɗe ina rainonta, allo ya nuna 90% na harba aka kuskure, zagayen su na zuwa suka kashe ta, wallahi ya min ciwo. In sake daga farko ne ko in ci gaba?

Amsa ta 1:
Wa alaikumus salam. Kar ka sake komai ɗan'uwa, ci gaba. 90% ɗin nan yana nufin cikin harbi goma ɗaya zai iya zubewa, to kafin ka harba ka tambayi kanka in ya kuskure me zan yi, in babu amsa kar ka harba. Gurneti ba ya kuskure, kuma yana rushe katangar da suke fakewa, ka fara jefa shi sannan sauran su harba a fili.

Amsa ta 2:
Ni ina zargin kana tura mutum ɗaya can gaba da motsinka na ƙarshe, sai ya tono wani gungun abokan gaba alhali kowa ya gama nasa, su kuma su sami zagaye guda kyauta. Wanda zai leƙa gaba shi ke fara motsi. Sannan alamar rabin garkuwa ta wurin fakewa da kake gani jikin mota ko ƙaramin shinge kar ka yarda da ita, nemi cikakkiya, maharbi kuma a ɗora shi saman gini, harbinsa ya fi shiga.

Amsa ta 3:
Malam ka gina Guerrilla Tactics School, wato makarantar dabarun yaƙi a sansaninka, da wuri, ita ke ƙara maka sojoji daga 4 zuwa 5 har 6. Kuma ka riƙa haɗa sabon soja ɗaya cikin tsofaffi duk fita, saboda ranar da gwanayen ke jinya.

Mai tambaya:
Na gode Allah ya saka. To shi Sectoid ɗin nan, abokin gaba mai kame hankalin soja ya juyo da shi kaina fa?

Amsa ta 1:
Jefa masa flashbang, wato gurneti mai walƙiya da ke rikita shi, nan take zai saki yaronka, ko Ranger, sojanka mai takobi, ya sare Sectoid ɗin, ba ya jure sara.