Ƙaura da rumbun manhaja daga GitLab zuwa GitHub

Ɗan Kubwa: Assalamu alaikum. Mu huɗu ne muke gina manhajar lissafin kuɗin makaranta a wani ƙaramin ofis a Wuse, kuma shekara uku ke nan rumbun kod ɗinmu, wato inda muke ajiye rubutun manhajar, yana kan GitLab, shafin intanet na ajiye kod. Yanzu wanda ya ba mu aikin ya nemi mu mayar da shi GitHub, wani shafi irinsa, domin can sauran ma'aikatansa suke. Shin in sauke fayilolin in sake ɗora su ne, ko akwai hanyar da za ta kwashe tarihin gyare-gyarenmu da rassa (layukan aiki daban-daban na kod ɗin) gaba ɗaya?

Injiniyan Garki: Wa alaikumus salam. Malam, idan ka sauke fayiloli kawai, tarihin shekara ukun nan ya tafi ke nan. Ka fara da umarnin Git (manhajar da ke riƙe tarihin kod) `git clone --mirror`, wanda zai ɗauko dukan rassa da alamomin sigogin da kuka fitar, sannan ka buɗe sabon rumbu a GitHub wanda babu komai a cikinsa, ko da fayil ɗin bayani na README ne, ka tura da `git push --mirror`. Ka duba adireshin da kyau kafin turawa, domin umarnin yana shafe duk reshen da ya tarar a can wanda babu shi a wurinka.

Malama Gwarinpa: Abin da Injiniya ya faɗa daidai ne, amma a ganina wahalar ba a kod ɗin take ba. Rahotannin matsaloli da muhawarar da kuka yi kafin haɗe rassa suna cikin ma'adanar GitLab ne, ba cikin Git ba, saboda haka ba za su bi ku ba sai an yi musu aiki na daban. Haka kuma GitHub ba ya karanta `.gitlab-ci.yml`, fayil ɗin da ke tsara ayyukan da GitLab yake gudanarwa da kansa, dole ne ku sake rubuta shi a tsarin GitHub Actions, takwaransa a GitHub, ku kuma shigar da makullan sirri da hannu. Da ni ce, ba zan goge tsohon rumbun ba, rufe shi kawai zan yi, a iya karanta shi amma ba a iya gyara shi.

Ɗan Kubwa: Na gode ƙwarai. Na gwada da daddare, turawar ta tsaya saboda wani tsohon fayil mai megabait 180, alhali mun goge shi tun bara.

Injiniyan Garki: GitHub ba ya karɓar fayil da ya wuce megabait 100, kuma naku yana nan daram a cikin tarihi. Ka mayar da shi Git LFS, tsarin ajiye manyan fayiloli, da `git lfs migrate import --everything --above=100MB`, sai dai wannan zai sauya lambobin shaida na gyare-gyaren da suka biyo bayansa, don haka kowa a ofishinku ya tura aikinsa tukuna, daga baya ya sauke rumbun sabo.