Wai har sinadari mai lamba 95 an taɓa yi wa takardar mallaka? Muhawara kan fatent

Habu: Salam jama'a. Jiya na ci karo da wani abu, wallahi har yanzu ya tsaya min a rai. A 1964 ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka ya ba masanin sinadarai Glenn Seaborg takardar haƙƙin ƙirƙira, wato fatent, a kan sinadari mai lamba 95, amerisiyam, kafin shekarar ta ƙare kuma ya sake karɓar wata a kan mai lamba 96, kuriyam. Ba hanyar haɗa shi kaɗai ba fa, shi kansa sinadarin da ɗalibai ke haddacewa a jadawalin sinadarai. To ni matsayata ke nan: fatent fashi ne da hatimin gwamnati, kuma a fannin sinadarai da abinci da nukiliya cutarwarsa ta fi amfaninsa. Mai ja ya fito.

Ummi: Tab. Yaya Habu da sassafe haka?

Barista Nafi: Ni ina ja. Amma kafin nan labarin gaskiya ne, kada wani ya ce Habu ne ya ƙirƙiro. Abin da bai faɗa ba shi ne da farko ofishin ƙin bayarwa ya yi, ya ce ai tukunyar nukiliyar da masanin kimiyya Enrico Fermi ya tsara, wato na'urar da ke samar da makamashi daga yuraniyam, ta riga ta samar da sinadarin ko da ba a sani ba, don haka ba sabo ba ne. Sai da aka je kotu. Kotu ta duba lissafi ta ga abin da tukunyar za ta iya samarwa bai wuce ɗaya bisa biliyan na giram ba, shi ma a warwatse cikin tan 40 na yuraniyam, babu mai iya ganinsa balle ya tace shi. Seaborg da abokan aikinsa su suka fara haɗa shi a 1944, ba tono shi suka yi daga ƙasa ba. Kuma haƙƙin ma hukumar makamashin nukiliya ta Amurka aka miƙa wa, ba aljihunsa ya shiga ba. A lokacin wa'adin shekara 17 ne daga ranar bayarwa, kenan tun 1981 ya zama na kowa. Ina fashin yake?

Habu: Anti Barista shekara 17 wasa ce? Kuma maganar wai ba a ƙasa aka tono ba, to a 1972 masana na Faransa sun gano cewa a Oklo ta ƙasar Gabon yuraniyam ya kunna kansa da kansa a ƙarƙashin ƙasa kusan shekara biliyan 2 da suka wuce, tukunyar nukiliya sukutum babu hannun ɗan Adam. Amma Fermi da abokin aikinsa Leo Szilard sun samu fatent na tukunyar nukiliya da aka ba su a 1955. Wa ya riga wa?

Malam Ilya: Habu ɗana, ka haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Babu wanda ya ba Fermi mallakar tsagewar ƙwayar yuraniyam, wannan ɗabi'ar halitta ce. Abin da suka rubuta shi ne yadda za a jera yuraniyam cikin tubalan girafayit, da tazarar da za a bari, da yadda za a riƙe abin kada ya ƙwace, irin wanda suka gina a Shikago ya kama aiki ran 2 ga Disamba 1942. Walƙiya ma ta riga ƙwan lantarki zuwa duniya ai, amma ba ka taɓa karatu da ita ba.

Ummi: Malam ya gama da kai 😂

Habu: Bai gama ba, yanzu aka fara. Na bar nukiliya tukuna zan dawo mata. Mu zo abinci. Wani Bafaranshe Nicolas Appert ya yi shekaru yana gwajin dafa abinci a cikin kwalba a rufe ruf don kada ya lalace, a 1810 gwamnatin Faransa ta ba shi faran 12,000 bisa sharaɗin ya wallafa hanyar kowa ya gani, ya wallafa. A shekarar dai wani Peter Durand a Ingila ya je ya karɓi fatent a kan kusan wannan dabarar amma ya saka gwangwani a ciki, ya sayar wa Donkin da Hall suka buɗe masana'anta a Landan. Appert kuwa a talauce ya mutu. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Wanda ya yi wahalar ya ba duniya, wanda ya iya cike takarda ya kwashe.

Sadik: Wannan misalin ai kanka ka sara da shi Habu. Appert ne bai yi rajista ba kuma shi ya mutu ba ko sisi. Da ya yi fa?

Habu: Da ya yi da duniya ta jira shi shekara goma sha kafin wani ya taɓa kwalba.

Barista Nafi: To bari in faɗi abin da mutane ke mantawa. Fatent ciniki ne tsakanin mai ƙirƙira da jama'a: ka rubuta mana dalla-dalla yadda ka yi, yadda duk wanda ya san fannin zai iya maimaitawa, mu kuma mu hana kowa sayar da shi ba da izininka ba na wani lokaci, yanzu shekara 20 daga ranar da ka shigar da takarda, bayan nan ka sakar mana. In babu wannan cinikin ba wai mutane za su riƙa rabawa kyauta ba ne, ɓoyewa za su yi. Coca-Cola tun 1886 take, ba ta taɓa yi wa haɗinta fatent ba saboda in ta yi dole ta bayyana, ga shi an haura shekara 130 ba ranar saki. Asfirin kuwa kamfanin Bayer na Jamus ya samu fatent ɗinsa a Amurka a 1900, a 1917 ya ƙare, yau kowa na bugawa. Wanne ya fi maka?

Malam Ilya: Barista a nan zan ɗan saɓa miki, don abin da ke takarda daban abin da ake yi daban. Lokacin yaƙin duniya na ɗaya Amurka ta ƙwace fatent ɗin kamfanonin Jamus, a 1919 aka sayar da wajen 4,500 ga wata gidauniyar sinadarai a kan dala 250,000, arha kamar an tsinta. Da Amurkawa suka zauna za su haɗa rini da magunguna daga abin da ke rubuce sai da yawa suka ƙi haɗuwa, ashe Jamusawan sun iya rubutu, su faɗi abin da zai ishe su samun hatimi su bar ainihin sirrin a kan ma'aikatansu, zafi nawa, minti nawa, wane sinadari ke zaburar da haɗin. Ƙarshenta sai da kamfanin sinadarai na Amurka DuPont ya je ya ɗauko masana daga Jamus da albashi mai tsoka. Duk wanda ya taɓa aikin ɗakin gwaji ya san rabin sana'ar a hannu take, ba ta shiga takarda. Don haka wannan bayyanawar da kike yabo sau tari rabi ce.

Barista Nafi: Na karɓa Malam, shi ya sa doka ta ce in bayanin bai isa a maimaita ba kotu na iya soke takardar. Amma na yarda ba kullum ake kamawa ba.

Habu: Yauwa Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Holand ta soke dokar fatent ɗinta gaba ɗaya a 1869, ba ta dawo da ita ba sai 1912. A 1869 ɗin ne kuma Mège-Mouriès ya yi wa majarin, wato man shafa wa burodi da ake yi a madadin man shanu, rajista a Faransa. Su wa suka ci kasuwar majarin? Jurgens da Van den Bergh na Holand, waɗanda daga baya suka haɗe har aka samu Unilever. Philips ma a 1891 aka kafa ta, tsakiyar lokacin da babu doka, tana yin ƙwan lantarki ba ta biyan kowa. Suwizalan kuwa dokarta ba ta shafi sinadarai ba sai 1907, shi ma Jamus ce ta matsa mata, kafin nan kamfanonin rini na Basel kwafar na Jamus suke hankalinsu kwance. Ita Jamus ɗin dokarta ta 1877 hanyar haɗawa kaɗai take karewa banda sinadarin kansa, sai 1968 ta canza. Duk sun yi kwafe sun yi ƙiba, da suka ƙoshi sai a 1995 aka kawo yarjejeniyar TRIPS ta kare haƙƙin ƙirƙira tsakanin ƙasashe aka ce duk mamban ƙungiyar ciniki ta duniya dole ya bi. Indiya da ta cire fatent a kan abinci da magani da sinadarai kansu a 1970 ta gina masana'antar magungunanta a kai, sai da ta mayar a 2005. In ba fashi ba ne me sunansa?

Sadik: Gaskiya wannan karon ka kawo kaya.

Barista Nafi: Tarihin daidai ne, ban musa ko ɗaya ba. Amma ka lura me Holand da Suwizalan suke kwafa? Abin da aka ƙirƙira a ƙasashen da ke da dokar. Ƙaramar ƙasa na iya hawa motar da wasu suka zuba wa mai, amma in kowa ya ce ba zai zuba ba motar tsayawa za ta yi. Kamfanin BASF na Jamus ya narka dukiya kafin aikin Haber da Bosch na haɗa amoniya daga iska ya tsaya da ƙafarsa a Oppau a 1913, dubban gwaje-gwaje aka yi kafin a dace da sinadarin da ke zaburar da haɗin, ga tukwanen ƙarfe na fashewa saboda matsi. Wa zai sa kuɗinsa a nan in ya san washegari maƙwabci zai ɗauka kyauta? Kuma takin da ke ciyar da biliyoyin mutane yau daga nan ya fito. Abin da ka tabbatar shi ne bai kamata a ɗora wa kowace ƙasa doka iri ɗaya a lokaci ɗaya ba, a wannan ina bayanka. Ba ka tabbatar da cewa fashi ba ne.

Ummi: Ni abin da ke ba ni haushi daban ne, masu yi wa abin da kowa ya sani rajista. A 1995 Amurka ta ba da fatent a kan amfani da kurkur wajen warkar da rauni, abin da mutanen Indiya suka gada kaka da kakanni, sai da hukumar binciken kimiyya ta Indiya ta tattaro tsofaffin rubuce-rubuce aka soke a 1997. Na darbejiya a Turai an bayar a 1994, an soke a 2000, ɗaukaka ƙara ta ja har 2005. Eh an soke, amma wa ya biya lauyoyi duk shekarun nan? Wanda ba a rubuta iliminsa ba kuma fa, da me zai kafa hujja?

Barista Nafi: Ƙanwata wannan ciwon gaske ne, ma'aikacin ofis abin da ke rubuce yake bincikawa. Shi ya sa bayan nan Indiya ta zauna ta tattara ilimin gargajiyarta a rumbun kwamfuta ta ba ofisoshin fatent damar dubawa.

Habu: To na dawo nukiliya kamar yadda na yi alkawari. Anti kin ce ciniki ne, bayyana a ba ka kariya. Szilard ya shigar da takardar sarƙar tsagewar nukiliya a Ingila a 1934, a 1936 ya miƙa ta ga rundunar sojan ruwa don a kulle, ba a wallafa ba sai 1949. Ta su Fermi a 1944 aka shigar, ta kwana sama da shekara 10 kafin a fito da ita. Amurka na da dokar 1951 da ke ba gwamnati ikon ta ce wa mai ƙirƙira ya yi shiru, kuma ƙirƙire-ƙirƙire sama da 5,000 ne ke ƙarƙashin irin wannan umarni. Ina bayyanawar a nan?

Malam Ilya: So kake a wallafa?

Habu: A'a Malam, Allah ya kiyaye, ina nuna cewa cinikin nata ya rushe ne.

Malam Ilya: Ya rushe a nan kam, kuma su ma sun sani. Dokar makamashin nukiliya ta Amurka tun ta 1946 ta hana ba da fatent a kan abin da ba shi da amfani sai a makamin nukiliya, waɗanda aka riga aka bayar ma ta soke su. Fermi da abokansa na Italiya da suka yi rajistar dabarar rage gudun niyutron, ƙwayar da ke tsaga yuraniyam, a 1934, gwamnatin Amurka ta yi ta amfani da ita duk tsawon yaƙi, sai 1953 ta biya su dala 300,000 su raba. Kenan a wannan fannin takardar ba ta hana kowa komai ba, ba ta kuma ba mai ita iko ba. Abin da ke tsare fasahar tace yuraniyam sirri ne da jami'an tsaro da yarjejeniyar 1968 ta hana yaɗuwar makaman. Kuma da injiniya A.Q. Khan ya bar Holand a 1975 da zanen injinan tacewa zuwa Fakistan babu wanda ya yi tunanin kai shi kotun fatent. An bar jaki kana dukan taiki Habu.

Habu: To na cire nukiliya daga tuhumata, na yarda can wata doka ce ke aiki. Sinadarai kuma na rage murya saboda maganar amoniya. Amma abinci da abin da ya shafi TRIPS ina nan daram, ban janye kalmar fashi ba.

Barista Nafi: Ka fara da uku ka koma ɗaya da rabi.

Sadik: Ni tambaya ta rage min. Wilhelm Normann ya yi wa hanyar daskarar da mai da haidirojin rajista a 1902, aka yi ta cin kasuwa da ita, sai daga baya aka gane kitsen da take haifarwa na toshe jijiyoyin zuciya har hukumar abinci ta Amurka ta cire shi daga jerin abubuwa marasa illa a 2015. Ofishin da ya buga hatimin ba shi da laifi?

Barista Nafi: Ba aikinsa ba ne. Abu uku yake dubawa: sabo ne, ba abin da duk masanin fannin zai hango da sauƙi ba ne, kuma yana aiki. Ko yana da illa ga jiki wata hukumar ce ke dubawa, kuma samun fatent ba izinin sayarwa ba ne, izinin hana wasu ne kawai.

Ummi: Af, ni da nake ganin an rubuta lambar fatent a jikin kaya sai in ɗauka an gwada ne an tabbatar lafiya lau.

Barista Nafi: Ko kusa. Lambar gargaɗi ce ga masu kwafa, ba ke ake yi wa magana ba.