Ginin jimla da ginin siminti: wanne ne kimiyya?

Injiniya: Jama'a, in na taka sawun wani a yafe mini. Ƙanwata na karatun ilimin harshe, jiya na ɗauki takardunta ina dubawa. Chomsky, masanin harshe ɗan Amurka, ya kawo ra'insa na ginin jimla a 1957, ya gyara a 1965, ya sake lale a 1981, a 1995 kuma ya watsar da rabin kayan ya ce a rage nauyi. Mu kuwa tun 1918 Duff Abrams, mai binciken kankare ɗan Amurka, ya nuna cewa yawan ruwa a kwaɓi shi ke rage ƙarfin kankare, har gobe a kan haka muke aiki. Abin da ke sauya riga duk bayan shekara goma sha ba kimiyya ba ne. Zanen bishiya ne a allo, irin wanda suke yi don nuna sassan jimla. Ga fili ga mai doki.

Malamar Nahawu: Sannu Injiniya, ka shigo da ƙarfinka. Kafin mu je ga Chomsky, amsa mini wannan. "Yara sun sayi littafi." Mai da ita tambaya, kana son sanin abin da suka saya.

Injiniya: Me yara suka saya? Wannan ai ko ɗan yaye ya sani, Malama.

Malamar Nahawu: Madalla. To dubi abin da bakinka ya yi ba da saninka ba. "Sun" ya koma "suka", "sayi" ya koma "saya". Ba ka ce "me yara sun sayi" ba, kuma ko a mafarki ba za ka faɗa ba. In karɓau, wato abin da aka saya, suna ne yana bin aikatau, sayi. In wakilin suna ne, saye shi. In an ɗauke shi an kai gaban jimla, saya. Aikatau ɗin ya "san" an cire masa abu daga gefe. Wa ya koya maka? Babu wanda ya zaunar da kai. Wannan sanin da ke kanka shi muke ƙoƙarin rubutawa daki-daki, yadda zai faɗi abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba tun kafin a gwada.

Kawu Birkila: Ni dai shekarata talatin da ɗoriya ina kwaɓa siminti, ban san wani Abrams ba, kuma ginina bai taɓa faɗuwa ba. Sau ɗaya na ga abin tashin hankali. Wani yaro da ke mana lebura ya ga kwaɓin dakin, wato rufin kankare, ya yi masa tauri a shebur, ya faki idona ya juye masa ruwa har ya zama ruwa-ruwa. Aiki ya yi sauri kam. Bayan kwana biyu sai ga saman yana yin gari, ka sa ƙusa ka kankare shi da hannu. Sai da muka fasa wajen. Daga ranar ba na barin bokitin ruwa kusa da lebura.

Malamar Nahawu: Kawu, Allah ya ƙara girma, ai ka gama mini aiki. Hannunka ya san dokar ba tare da sanin sunan mai ita ba, kamar yadda bakin Injiniya ya san "suka".

Mai Sinadarai: Bari in tsoma baki, don ɗan'uwana Injiniya ya yi wa fanninmu kwalliyar da ta wuce kima. Mutanen Rum sun zuba kubbar Pantheon, mai faɗin mita 43, wajen shekara 1900 da suka wuce, da farar ƙasa da tokar dutse mai aman wuta, ba su san abin da ke faruwa a cikin kwaɓin ba. Joseph Aspdin ya yi rajistar simintin Portland a Ingila a 1824, shi ma da lalube. Da aka zo tambayar me ke sa siminti ƙanƙara, sai rigima ta tashi. Le Chatelier na Faransa, a 1887, ya ce ƙananan ƙwayoyi ne masu kamar allura ke tsirowa su sarƙe juna. Michaelis na Jamus ya ce a'a, wani abu ne mai danƙo ke fitowa ya taurare. Shekaru aka kwashe ana wannan ja-in-ja, ƙarshe aka gano kowa na da rabon gaskiyarsa. Kuma wannan danƙon, wanda muke kira C-S-H, shi ne ainihin abin da ke riƙe kankare, amma har yau ana rubuce-rubuce kan yadda ƙwayoyinsa suka jeru, don ba shi da tsari ɗaya tsayayye. Abrams ya faɗi abin da ke faruwa ne. Dalilinsa sai daga baya, da aikin su Powers, masu binciken siminti a Amurka, a shekarun 1940, aka fahimci cewa ruwan da ya yi rara shi ke barin ƙananan ramuka a ciki.

Kawu Birkila: Ɗana, tunda kai ne masani, me ya sa ake ce mana mu riƙa yi wa bulo ban ruwa alhali so muke ya bushe?

Mai Sinadarai: Kawu, ai siminti ba bushewa yake yi ba. Shan ruwan yake, ruwan ya shiga jikinsa ya zama wani abu daban. Shi ya sa ko a ƙarƙashin ruwa yana ƙanƙara. In rana ta ƙwace ruwan da wuri, aikin ya tsaya a rabi. An gasa farar ƙasa da yumɓu a tanderu mai zafin digiri 1450, aka niƙa da ɗan jifsum don kada ya kama nan take, duk don ya jira wannan ruwan ne.

Injiniya: Na yarda mun yi rigima. Amma mu muna da alƙali. In na zuba kankare a ɗan akwatin gwaji, bayan kwana 28 na sa shi a injin matsa, zai fashe a kan lamba. Lambar ba ta san ni ba, ba ta san Le Chatelier ba. Ku wa ke raba muku gardama? Kunnen malami a ofishinsa?

Tsohon Ɗalibi: Nan kam ina bayan Injiniya, kuma ni na yi karatun. Mazahabobin sun yi yawa. Tesnière ya ce kalma ce ke rataye a jikin kalma, ba ruwansa da yankin suna da yankin aikatau. Bresnan da Kaplan suka ce babu wani ɗauke kalma daga nan a kai can. Goldberg ta ce jimloli ƙira-ƙira ne da yaro ke tarawa daga abin da yake ji. A 2002 Hauser da Chomsky da Fitch suka ce sa jimla cikin jimla ba iyaka shi ne tambarin harshen ɗan'adam. A 2005 Everett ya ce harshen Pirahã na dajin Amazon ba ya yin haka. Sai aka amsa masa da cewa baiwar na nan a ƙwaƙwalwa ko da harshen bai yi amfani da ita ba. To wane irin ra'i ne wannan da ba abin da zai iya kayar da shi? Wannan amsar ce ta sa na sanyaya da fannin.

Malamar Nahawu: Ƙanena, wannan sukar taka tana da nauyi, ba zan ɓoye ba. Kodayake wasu masana sun koma kan bayanan Pirahã ɗin sun yi wa Everett gardama a kan su kansu, maganar ba ta mutu ba. Amma kuna haɗa abu biyu. Akwai bayanin da ake sauyawa, akwai abin da aka gano wanda ke nan daram. Ga misali. "Ka ce Audu ya rubuta littafin." Tambaya: wa ka ce ya rubuta littafin? Lafiya lau. Ƙara tsawo: wa ka ce suna tsammanin ya rubuta littafin? Har yanzu lafiya. Yanzu ɗauki "ka ba ni littafin da Audu ya rubuta", ka mai da ita tambaya a kan wanda ya rubuta. "Wa ka ba ni littafin da ya rubuta?" Faɗe ta da ƙarfi ka ji. Ta fashe, alhali ta fi waccan gajarta, kuma ma'anar da ake nema a fili take. John Ross ne ya tattara irin waɗannan wurare a 1967, ya kira su tsibirai, don abin da ke ciki ba ya fita. Irin wannan katangar an same ta a harsuna da yawa da ba su haɗa dangi ba. Duk mazahabar da ka lissafa dole ta yi bayaninta ko ta sha ƙasa. Batun kunnen malami kuwa, Sprouse da Almeida sun ɗauki jimlolin wani littafin koyar da ginin jimlar Ingilishi a 2012, suka gwada su a kan tarin mutanen da ba masana ba, kusan duka hukuncin ya fito daidai da na littafin.

Injiniya: Na faɗe ta da ƙarfi, har mai ɗakina ta leƙo tana tambayar lafiya. Na yarda ta fashe. Amma kin ba ni kwatankwacin Abrams ne, ba ki ba ni dalili ba. Me ya sa take fashewa?

Malamar Nahawu: A nan ake rigimar. Wasu sun ce doka ce a ginin harshen kansa, wasu sun ce nauyi ne ke yi wa ƙwaƙwalwa yawa wajen riƙe gurbin da aka bari. Ni ta farko na fi karkata, saboda tsawo bai kayar da waccan doguwar jimlar ba.

Tsohon Ɗalibi: Tsawo daban, nauyi daban, Malama. Wannan hujjar ba ta ishe ni ba.

Kawu Birkila: Ni kuma ina nan ina ta juya "wa ka ba ni littafin". In aka ce "wane ne wanda ka ba ni littafin da ya rubuta", ai kamar ta zauna. Ko kunnena ne ya tsufa?

Malamar Nahawu: Kawu, tsaya, kada ka goge. Ni ma a kunnena ta fi waccan zama. Kowa ya faɗe ta ya rubuto mini yadda ya ji, amma kada wani ya duba amsar wani kafin ya rubuta tasa.